Kifin Yaya da Rairayin Inna

Yayana ya dawo daga Jidda ba ya ƙaunar ganin rairayi. Mutumin da aka binne cibiyarsa a bayan ɗakin Inna a Gude, wanda ya yi rarrafe a ƙasa har gwiwoyinsa suka yi kanta, shi ne ya dawo yana kallon yashi kamar kashin kaji. Shekara ashirin da 'yan kai ya yi yana tuƙa wani attajirin Balarabe. Da ya tara abin da ya tara sai ya zo Gwarzo ya gina gida. Tayil a ɗaki, tayil a falo, tayil a tsakar gida, tayil har bangon banɗaki. Kaza ba za ta samu wurin tono ba a gidan nan, shi ya sa ma babu kazar. Matarsa, baiwar Allah, wuni take da tsumma a hannu tana goge sawun baƙi.

Ni ce autarmu. Ina koyarwa a wata firamare a Kabo, kuma ni ce bakin Inna a wurin Yaya. Bari in yi bayani, don yaran yanzu sai su ɗauka gaba suke yi. Yaya ɗan fari ne. Tunda Inna ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta haɗa ido da shi, ba ta zama su yi hira. In ya durƙusa gaishe ta, bango take kallo ta amsa a taƙaice. Kunyar ɗan fari ke nan irin ta mutanen da, Inna kuwa ta riƙe ta gam har tsufa. In tana da magana da shi ni take kira, ko da yana zaune a gabanta: "Auta, gaya wa wancan abincinsa yana hucewa." Ni kuma in juya in maimaita masa abin da ya riga ya ji da kunnensa. In maganar mai nauyi ce, sai ya fita take faɗa mini, ni in bi shi da ita. Tun ina 'yar mitsitsiya nake wannan aiki, kuma sau ɗaya tak na taɓa riƙe saƙo ban kai ba. Shi ne har yau yake ci mini rai.

Da daminar da Inna ta yi zazzaɓi mai zafi, Yaya ya zo Gude da mota ya ce a haɗa kayanta. Wai uwar Alhaji ba za ta zauna a ɗakin ƙasa mutane suna zaginsa ba. Wa ya zage shi? Oho. Ni dai ban taɓa ji ba.

Ɗakin nan da yake rainawa, ɗakin soro ne da Baba ya gina kafin a haife mu. Duk shekara in ruwa ya ɗauke, Inna takan je rafi ta ɗebo rairayi mai laushi, ta tankaɗe shi da rariya, ta kwashe tsohon ta shimfiɗa sabo. Da bazara ta yayyafa masa ruwa ta ɗora tabarma, ɗakin ya yi sanyi kamar gindin randa. Randar ma a cikin rairayin take zaune. In ruwan alwala ya zuba, ƙasa ta shanye. In ƙafa ta gurɗe, a kan laushi za ka faɗi. Daga nan aka ɗauke ta aka kai ta ɗaki mai katifa wadda sai an yi hawa biyu kafin a hau, da ƙasa mai santsi da kake ganin fuskarka a ciki. Ranar farko na ga tana tafiya tana dafa bango, ita da take zuwa gona da ƙafarta.

To, a falon gidan nan akwai abin da Yaya ya fi ji da shi. A gidan Balarabensa ya ga akwatin gilashi cike da kifin teku, ya rantse shi ma sai ya ajiye. Ya kuwa ajiye. Akwatin ya kai tsawon gadon mutum ɗaya. Gwarzo da teku! Mu da iyakar ruwan da muka sani rafi ne da dam. Gishirin ma ba namu na miya ba, wani ne ake aiko masa a buhu daga Legas, ya dama shi da tataccen ruwa, ya auna da wani ɗan ƙarfe yana runtse ido ɗaya kamar likita. Sola guda aka ɗora a rufi saboda kifi kaɗai, don kada injin da ke motsa ruwan ya tsaya. Ga fitila shuɗiya, ga wasu duwatsu masu ramuka. Mutanen unguwa su shigo su yi tsuru-tsuru. Wani dattijo daga Lakwaya ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Alhaji, in sun girma soyawa ake yi ko miya?" Yaya ya sha kunu har dattijon ya tafi.

Ƙasan akwatin kuwa gilashi ne zalla. Mai sayar da kifin a Legas ya tambaye shi ta waya, da yashi yake so ko babu. Ya ce masa wasu suna barin ƙasan haka fayau don kashin kifi ya fito fili a zuƙe shi da tiyo. Abin da Yaya ya ji ke nan, sauran bayanin ko a jikinsa. "Ban da yashi," in ji shi. Kifin kuma a hoto ya zaɓe su, da launi, yadda mata ke zaɓar atamfa. A cikinsu akwai wasu uku sirara, tsawonsu bai wuce babban yatsa da rabi ba. Biyu rawaya kamar ƙwaiduwa, ɗaya kore mai jan zane a fuska. Da Turanci wai ras ake ce musu, kuma Yaya yana faɗin sunan yana murɗa harshe sai ka ce tare suka yi makaranta.

Inna ba ta zama a falo in yana gida. Amma da ya fita sai ta lallaɓo ta shimfiɗa ɗankwalinta a gaban akwatin ta zauna. Me za ta yi? Ba surfe, ba tankaɗe, ba akuya, ba maƙwabciya da za ta leƙo ta katanga. Kifi ta samu ta sa a gaba, kuma ta kalle su kallon da mai su bai taɓa yi musu ba. Shi launi yake gani da fuskar baƙi.

Wata Juma'a na zo daga Kabo da yamma, Yaya yana masallaci. Ana gab da magariba, fitilar akwatin ta fara dusashewa da kanta. Inna ta ce, "Auta, zo ki gani."

Sirarun nan uku sai suka rikice. Ɗaya ya juya kai ƙasa ya sheƙa a guje, ya daki gilashi da baki. Ya karkata, ya kaɗa jela, ya sake komawa ya daka. Ɗan'uwansa yana ta goga ciki a kusurwa. Koren ya cusa kai ƙarƙashin dutse rabin jikinsa a waje, ya kwanta a gicciye yana numfashi sama-sama.

"Wurin kwanciya suke nema," in ji Inna.

Na yi dariya. Ni mai takardar koyarwa! Na ce, "Haba Inna, kifi yana kwanciya?"

Ta harare ni. "Gaiwa fa? Ba a cikin laka ubanki yake tono ta da rani a fadama ba? Waɗannan ma ƙasa suke so su shige. Ki gaya wa wancan ya zuba musu rairayi."

Sai ta shiga murza yatsun ƙafarta, waɗanda na lura sun kumbura. Ta rage murya ko da ba kowa a falon. "Ki kuma gaya masa a mai da ni ɗakina. Ba na barci a nan, Auta. In na hau gadon nan ji nake zan faɗo, in na sauko ƙasa sanyin tangaran ɗin ya shiga ƙashina. Ruwa ma na rage sha don kada in yi ta zuwa banɗaki in zame. Ki faɗa masa da kyau, kada ya ga kamar ban gode ba."

Saƙo biyu ta ba ni. Ɗaya na kai.

Ba zan yi wa kaina ado ba. Zuwa Gwarzo daga Kabo mota ɗaya ce a kan kwalta, zuwa Gude kuwa da damina sai ka hau babur ka sauka ka tuɓe takalmi. Ga asibiti kusa. Ga malaman makarantarmu suna ce mini, "Kai, tsohuwarku ta huta, Allah ya ba mu 'ya'ya irin yayanki," ni kuma ina hura hanci kamar ni na gina gidan. Sannan ina tsoron fuskar Yaya. Na ce a raina tsufa ne, za ta saba. Duk Juma'a in na zo sai ta dube ni, ni kuma in ce, "Yana dubawa, Inna." Ƙarya nake yi wa uwata da rana tsaka, Allah ya yafe mini.

Saƙon kifi kuwa, da na kai, Yaya dariya ya yi har da riƙe ciki. "Inna ta san kifin teku? A ina, a rafin Gude?" Ya yi mini lacca a kan akwatin Balarabensa, da tsafta, da yadda mu baƙar fata ba mu iya riƙe abu mai kyau ba. Wai wasa suke yi. Wasa! Ka taɓa ganin mai wasa yana fasa bakinsa?

Ba a yi sati uku ba matarsa ta fito shara da safe ta tarar da koren a kan tayil, ya bushe ƙamas. Tsalle ya yi ya fito. Yaya ya ce maita ce ta 'yan kallo, ya hana yara shiga falo, ya sa aka yi wa akwatin murfi. Sai ɗaya rawayan bakinsa ya kumbura ya yi fari, ya daina cin abinci, yana yawo a karkace, har wata safiya ya taso ciki sama. A nan ne hankalin Alhaji ya tashi. Na zo na same shi ya yi zuru-zuru, ko abincin rana bai ci ba. Uwarsa tana ɗaki da kumburarrun ƙafafu, ta rame har zobenta yana zamewa, bai gani ba. Ta yaya zai gani? Gaisuwa ce daga bakin ƙofa, ita tana kallon bango, shi yana kallon tayil ɗinsa, ni mai kai magana na yi gum.

Ya kira Legas a gabana, ya buɗe murya don in ji yana Turanci. Mutumin can ya saurare shi, sannan ya ce ai tun farko ya faɗa masa, irin wannan kifi a cikin yashi yake kwana. Rana na faɗuwa yake nutsewa ya binne kansa, haka ma in ya tsorata. In babu yashi zai yi ta dukan gilashi har ya ji ciwo, ko ya yi tsalle. In ba ya son yashi a ko'ina, ya samu roba mai ɗan zurfi ya cika ta da mai laushi ya ajiye a kusurwa, shi ke nan.

Na ce, "Yaya, ba abin da Inna ta ce ke nan ba?"

Ya ce, "Wannan yashin na musamman ne, ba irin naku ba."

Jama'a, yashi aka sa a jirgin sama daga Legas zuwa Kano. Yashi! Yaya da kansa ya tuƙa mota ya je ya tarbo shi kamar mai tarbar alhazai. Fari ne tas, a cikin leda mai hoton teku. Ya karɓi robar da matarsa take ajiye daddawa, ya wanke ta sau ba adadi, ya cika, ya nutsar da ita bayan dutse inda baƙi ba za su gani ba. Har a lokacin kunyar yashin yake ji.

Ranar ina gidan. Da fitila ta fara dusashewa, rawayan da ya rage ya zagaya robar sau biyu, ya tsaya a kanta yana kallo. Sai ya juya kai ƙasa. Wallahi kafin in ƙifta ido ya ɓace, sai ɗan farin gari da ya tashi ya koma ya kwanta. Yaya ya yi kabbara da ƙarfi, yana kiran matarsa, yana kirana, yana cewa mu zo mu ga ikon Allah.

Inna ta ji hayaniya ta fito, ta tsaya a bakin falo tana riƙe da ƙofa da hannu biyu. Ta daɗe tana kallon robar. Sannan ta ce, ba da kowa ba, "To, shi ya samu." Ta juya ta koma tana bin bango.

Na ji kunyar da ban taɓa ji ba, kuma kunyar ta juye ta zama fushi, na sauke shi a kan Yaya ko da rabinsa nawa ne. Na ce masa kifi ya samu makwanci, uwarsa ba ta samu ba. Na faɗa masa duka, rashin barcin, ƙin shan ruwan, ƙafafun, da roƙon a mai da ita ɗakinta.

"Yaushe ta faɗa?"

"Wata huɗu ke nan."

Na ɗauka zai mare ni. Sai kuma na ga yana murmushi, irin murmushin mai abin mamaki a aljihu. "Ai na riga ku," in ji shi. Ashe tun sati biyu da ɗauko ta ya tura magina Gude. Sun rushe soron Baba, sun tayar da ɗakin bulo, rufin kwano, da tayil irin na falonsa. Yana jira ne Sallah ta zo ya nuna mata.

Na ce innalillahi. Na zauna a ƙasa.

Ba mu jira Sallah ba, ranar Asabar muka tafi. Ban iya gaya wa Inna komai a mota ba. Tana ta leƙen gonaki tana faɗin na wane ne, fuskarta ta washe kamar amarya. Da muka shiga gida ta tsaya cak. Babu soro, babu gurbin randa, babu ragayar da take rataye ƙwarya. Farin ɗaki ne mai ƙofar ƙarfe yana sheƙi a rana. Matan maƙwabta sun taru suna ta sa albarka, Yaya yana tsaye da farar jallabiya yana karɓa.

Inna ta ce, "Auta, ki ce masa an gode. Allah ya yi albarka." Ta tuɓe takalmi, ta ɗora ƙafa ɗaya a kan tayil, ta kama ƙofar ƙarfen da hannu biyu. Daidai yadda take yi a Gwarzo.

Ban san lokacin da na fizgi daro a hannun wata maƙwabciya ba. Da sabuwar atamfata da takalmin zuwa makaranta na gangara rafi, na cika shi da hannuna, na ɗora a ka. Da na dawo na wuce ta gaban Yaya na juye shi a tsakiyar ɗakin. Ƙarar rairayi a kan tayil, har yau ina jin daɗinta a kunnena. Na koma. A zuwa na uku mata biyu sun biyo ni da nasu, wata tsohuwa ta kawo rariya ta zauna a bakin ƙofa tana tankaɗewa. Su da ma sun sani, albarkar baki ce kawai suke sa masa.

"Ke, kin haukace ne?" Yaya yana bina yana ɗaga murya. "Kin san daga inda aka kawo tayil ɗin nan?"

Na ce, "Na sani, Yaya. Yashin kifi sai da aka hau jirgi. Na uwarka ga shi nan a bayan gida, ba ka ko tambaya ba."

Ya ga ba zan tsaya ba. Sai ya yi abin da bai taɓa yi ba, ya juya wajen Inna kai tsaye. "Inna, ki yi mata magana mana. Ɓata miki ɗaki take yi."

Na tsaya da daro a ka ina jiran in ji "Auta, gaya wa wancan." Inna ba ta kira ni ba. Ta ɗago kai ta dube shi, ido cikin ido, ta ce, "Bar ta."

Shi ke nan abin da ta ce. Yaya ya ja da baya ya zauna a kan dakali.

Kafin azahar mun rufe tayil ɗin kaf, kaurin rairayin ya kai tafin hannu. Aka yayyafa ruwa, aka aro randa aka kafa a kusurwa, aka shimfiɗa tabarma. Inna ta shiga ba ta dafa komai ba. Ta yi salla, ta sha ruwa moɗa biyu cur, ta kishingiɗa wai za ta ɗan miƙe baya. Aka kira la'asar ba ta motsa ba. Matar da ban taɓa ganin kiran salla ya same ta a kwance ba, ga ta tana minshari baki buɗe. Na zauna a bakin ƙofa na ce duk wanda ya tashe ta ni da shi ne.

Yaya ya taso ya zo ya zauna kusa da ni, a kan rairayin da ya zube a waje, jallabiyar ta yi ja. Ya leƙa ta ya daɗe. Ba tare da ya dube ni ba ya ce, "Akwai wani saƙon da ta ba ki ba ki kawo ba?"

Na ce babu, wannan ne kaɗai.

Ya gyaɗa kai. "Tun ina yaro nake so ta kalle ni ta yi mini magana. Na je na yi bauta a ƙasar mutane, na gina can, na gina nan. Yau ta kalle ni." Ya ɗebi rairayi a hannu ya bar shi yana zuba ta tsakanin yatsunsa. "Kin ji abin da na samu."

Na zo da baƙar magana cike da bakina, irin wadda na saba. Na haɗiye ta. Muka zauna a nan mu biyu muna gadin barcinta har rana ta yi sanyi, sannan ya tashi ya ɗauki daron, ya tambaye ni ta wace hanya ake gangarawa rafin yanzu.